Kyanwa a Kan Matakala

Dogo,

Ina gaishe ka, ina gaida aiki. Da fatan ƙirjin nan naka ya saki, kana kuma shan maganin da na ba direban motar kayanku ya kai maka, ba ka jefa shi ƙasan akwati ba yadda ka saba. Mu nan lafiya. Ƙafafuna ne dai, tsayuwar kantin magani ba ta bar su ba, da yamma sai da hannu biyu nake cire takalmi. Mai faci na ƙasan benenmu yana gaishe ka, har yanzu shi ke tashinmu da bugun ƙarfe.

Maganar ƴarka ce ta zaunar da ni rubutu. Da akwai waya a dajin nan naku, da na faɗa maka da baki na huta.

An sallami Kyanwa daga makaranta. Ban sanar da kai tun farko ba saboda na ɗauka abin zai wuce. Tun da mahaifiyarta ta rasu ta dawo hannuna, kullum tana sa kayan makaranta ta fita, ni kuma ina ganin ai shi ke nan. Ashe zuwa take ta kifa kai a kan tebur har a tashi. Jarabawar zangon da ya wuce, sunanta kawai ta rubuta a kowace takarda ta miƙa. Sai ga shi makon jiya wata ƴar ajinsu ta janye mata kujera cikin wasa, ita kuwa ta ɗauki gorar ruwa ta ƙarfe ta maka mata a baki. Haƙori ɗaya ya fita. Aka kira ni daga kanti. Na tarar da uwar yarinyar tana ta faɗa, da gaskiyarta, Kyanwa kuma tana zaune tana kallon fankar ofis kamar mai jiran mota a tasha. Shugaban makaranta ya tambaye ta ko ta yi nadama, ta ce ba ta sani ba. Ni ma da ya juyo ya tambaye ni me na gani, abin da na ce ke nan.

Bai wulaƙanta mu ba. Ya ce shekarar da ta yi tana jinyar uwarta ta bar mata rami a karatu, ga aji cike, babu malamin da zai tsaya mata. Ya haɗa mu da wata cibiya a bayan tashar mota, inda ake karɓar ƴan sakandaren da makaranta ta gaji da su, ko su suka gaji da ita. Ana karatu, ana zana jarabawar ƙarshe kamar kowa, sai dai a hankali. Na kai ta, sun karɓa.

A gida ba ta ba ni wahala. Tana cin abin da na ba ta, tana wanke kwanonta. Ta ma daina kuka gaba ɗaya.

Ka rubuto abin da ka gani.

Yayarka.

* * *

Yaya,

Na gaishe ki da kyau, da fatan ƙafa ta yi sauƙi. Magani ya iso, ina sha. Tarin ya ragu, sai dai hayaƙin injin ba ya barin mutum ya warke sarai. Janareto biyu ne yanzu a wuyana tun da abokin aikina ya tafi. Har na kai in aka kashe su duka don gyara, shirun ne ke sa mini ciwon kunne.

Wasiƙarki ta daɗe a hanya, ruwa ya ci gada, mota ba ta shigo ba sai jiya. Ki ba iyayen yarinyar nan haƙuri da sunana.

Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne inda kika ce ta daina kuka. Alhamdu lillahi, ashe ta fara dangana. Yaro haka yake, yana mantawa da wuri, ba kamar mu ba.

Amma wannan cibiya ban gane mata ba. Wani a nan ya ce irin wuraren nan tarkacen yara ake tarawa, masu shaye-shaye da masu ɗauke-ɗauke. Kin san Kyanwa ce ke zuwa ta ɗaya kafin ciwon uwarta. Ki duba mini wurin da idonki, ba da idon shugaban makaranta ba, shi so yake ya rabu da ita.

Ki ce ina gaishe ta, ta yi karatu.

Ƙanenki.

* * *

Dogo,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da tari ya ragu. Ƙafa tana nan yadda ka san ta. Babban ɗana ya aiko mini da wasu safa masu matsewa, na sa sau ɗaya na ga sun fi ciwon ciwo.

Na je na duba da idona. Tsohon ɗakin ajiyar kaya ne, hawa biyu, an yanka ƙasa da katako an fitar da azuzuwa. Babu ƙararrawa, babu kayan makaranta, ba sa farawa sai hantsi. Aji ɗaya bai kai cikin ƙaramar bas ba. In yaro ya ji zama ya ishe shi, ba sai ya nemi izini ba, sai ya fita tsakar gida inda ake gyaran kekuna, akwai kuma tukwanen shuka da rabinsu sun mutu. In ya huce ya dawo. Doka biyu ce kawai: ba duka, ba fita ƙofa sai an sani.

Mutumin naku bai yi ƙarya duka ba. Akwai wanda aka koro don shaye-shaye. Akwai wani zabgegen yaro da ya cinna wa ɗakin gwaje-gwajen makarantarsu wuta, yanzu shi ke dafa wa kowa shayi, abin da ya ba ni dariya ni kaɗai. Akwai mai zuwa da jaririnta. Akwai wani ɗan firit da suke kira Lauya saboda ba ya rufe baki. Na dube su ɗaya bayan ɗaya, ban ga dodo ba. Yara ne da suka gaji. Shugabar wurin mace ce mai furfura, ba ta da yawan magana, kowa Anti yake ce mata.

Kyanwa ba ta shiga aji. Tana zuwa, ta hau matakalar da ke kaiwa ofis, ta zauna a tsakiya, ta jingina kai da bango har a tashi. Na ce wa Anti ai wannan da abin da take yi a can duk ɗaya ne, tebur kawai aka canja da matakala. Ta ce a can laifi ake rubuta mata, a nan rubutawa ake ta zo. Malamin lissafi yana ajiye mata takarda da fensir a gefe kowace safiya ya wuce, da yamma ya ɗauke abarsa fara fat. Na tambaya har yaushe, Anti ta ce ba ta sani ba. Na lura amsar kowa ke nan a kan yarinyar nan.

Batun kuka, ban san yadda zan faɗa maka ba. Ba dangana na gani ba. Da tana kuka ina sanin inda take. Yanzu ɗaki ɗaya muke, amma sai in juya in duba ko tana nan. Ni ma ba zan ce na fi ta ba. Ina zuwa kanti, ina ƙirga ƙwayoyi, ina dawowa. An ce mai kantin zai sayar da wurin, na ce to.

Na isar da gaisuwarka, ta ce tana amsawa.

Yayarka.

* * *

Dogo,

A tsaye nake rubutu, direbanku ya ce ba zai jira ba. Muna lafiya, da fatan kai ma.

Jiya Kyanwa ta dawo daga cibiya rigarta duk datti. Tambaya kawai na yi, sai ta juyo kaina. Ta faɗa mini maganganun da ban taɓa zaton tana da su a baki ba. Ta ce ni da kai duk ɗaya ne, aiko da magani kawai muka iya. Ta watsar da kofunan kan tebur, ta fasa mini madubi, har mai faci ya hauro da ƙarfe a hannu yana zaton ɓarayi ne. Daga nan ta yi kuka har muryarta ta dushe. Yau ba ta je ko'ina ba, ni ma ban je kanti ba. Babu wanda ya ji ciwo. Sauran bayani sai a ta gaba.

Yayarka.

* * *

Yaya,

Na gaishe ki, ina lafiya. Ki yi haƙuri da abin da yarinyar nan ta yi miki. Kunya ta hana ni cin abinci ranar da na karanta. Ke da kika riƙe ni bayan Inna, yau ƴata ce ke fasa miki kaya.

Abin da na ji wa tsoro ke nan. Ta shiga wurin nan shiru, ba ta ba kowa wahala, ga shi sun koya mata zagi da fashe-fashe. Wurin da yaro zai zauna a matakala wata da watanni a ce ya zo makaranta, wanda ya ƙona ɗaki kuma shi ke riƙe da ashana, ban ga tarbiyyar da za a samu ba.

Na yi magana da mai kula da ma'ajiyarmu. Ƙanwar matarsa ce mataimakiyar shugaba a wata makarantar kwana ta ƴan mata, tafiyar rabin yini daga wurinku. Akwai tsari, akwai horo, babu mai zama a matakala. Sun yarda su karɓe ta ba tare da tone-tone ba. Ga takardarsu na haɗo. Ki kai ta kafin zango ya yi nisa. Ba shawara nake nema ba, Yaya, ki gafarce ni. Ni ne ubanta, kuma daga nan iyakar abin da zan iya ke nan.

Ƙanenki.

* * *

Dogo,

Ina gaishe ka. Lafiya lau muke. Na ga alama wasiƙar da na bi bayan waccan da ita ba ta same ka ba kafin ka rubuto. Bari in maimaita, ko da ba ta da amfani yanzu.

Ranar da ta fasa mini madubi, yaron nan Lauya ne ya faɗi a tsakar cibiya, farfaɗiya ta kama shi. Yara suka watse, wasu na ihu a kawo cokali. Kafin malamai su sauko, Kyanwa ta taso daga matakala, ta juya shi a kan gefensa, ta naɗe ɗankwalinta ta sa masa a ƙarƙashin kai, ta ce kowa ya matsa. Ta zauna da shi har ya farfaɗo, ta goge masa baki da rigarta. Kai ba ka ga watannin ƙarshe na matarka ba. Haka take faɗuwa, kuma yarinyar nan ce kaɗai a ɗakin. Abin da ya biyo ta gida ke nan ta sauke a kaina.

Da ta koma, aji ta shiga. Har ta ɗauki fensir. Malamin lissafi ya zo kanti musamman ya nuna mini takardar, rabi daidai rabi shirme, yana riƙe da ita kamar takardar gida. A gida kuma ta fara yi mini musu a kan gishiri. Ta ce safana suna wari.

Duk da haka na yi abin da ka ce. Anti ba ta ja ba, ta ce uba ne, ƙofarsu kuma ba ta da sakata. Na faɗa wa Kyanwa ina jiran a fasa abin da ya rage, sai ta ce to. Ita ta haɗa akwatinta. Makarantar ba laifi, ciyawa a aske, gadaje a jere. Matar da ta karɓe ta ta ce in kwantar da hankalina, sun saba da irinsu. Na tsaya a bakin ƙofa ko za ta waiwayo. Da na dawo na ga ɗakin ya yi faɗi, na ci burodi na kwanta.

Da na yi maka gardama, ƙarfin ne babu.

Yayarka.

* * *

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Jiki da sauƙi. Wasiƙunki biyu sun iso tare, tsohuwar ta jiƙe da mai, direba ya ce a ƙarƙashin kujera ya tsince ta. Na karanta labarin yaron nan. Ban san haka ciwon matata ya kai ba. Babu wanda ya faɗa mini tana faɗuwa. A kowace wasiƙa cewa take da sauƙi.

Na ɗauki biro zan ce ki dawo da Kyanwa, sai ga mai ma'ajiya da saƙo daga makarantar. Wai ba su da yarinya mai natsuwa kamarta, ba a taɓa jin muryarta ba, tana riga kowa tashi, gadonta kamar ba a kwana a kai ba. To kin gani. Ko ta wace hanya aka bi, ai natsuwar muke nema. Mu bar ta ta ƙarasa zangon.

Ƙanenki.

* * *

Dogo,

Ka fara da wannan: tana nan, lafiyarta ƙalau, tana zaune a gabana yanzu haka. Na sa shi a sama saboda na san yadda kake karatu. Ni ma lafiya.

Ranar Talata aka aiko daga makarantar kwana cewa ba a gan ta wurin karin kumallo ba, gadonta a gyare, akwatinta na nan. Sun ɗauka tana wurina. Mai faci ya rufe rumfarsa ya ɗauke ni a babur. Muka je tasha, muka je asibiti, muka je wurin ƴan sanda. Wani ya ba ni kujera ya tambaye ni kalar kayan da ke jikinta, na ga ban sani ba. Har maƙabarta muka leƙa. Ina ta jiran tsoro ya zo, bai zo ba. Abin da nake ta juyawa a raina shi ne da wace kalma zan fara rubuta maka.

Washegari da hantsi Anti ta shigo kanti da kanta. Ta ce da ta zo buɗe cibiya ta tarar da ita zaune a bakin ƙofa da kayan makarantar kwana, takalmi ɗaya ya tsinke. Wani wuri ta taka da ƙafa, wani wuri wata mai motar kayan lambu ta rage mata hanya, ta kwana a ɗakin jira na tasha cikin mata matafiya. Tashar da na je. Ina jin ta gabanta na wuce.

Da na isa tana cikin aji. Ba ta gudu ba, ba ta taso ba. Yaron nan mai wuta ya kawo mini shayi, na jira aka tashi. A hanya na tambaye ta me ya hana ta zuwa gida, ta ce in ta zo mayar da ita zan yi, kuma gaskiya ta faɗa. Na ce ko dukanta aka yi a can, ta ce a'a, kowa yabonta yake. Mun yi nisa sannan ta ce:

"Gwaggo, a can in na mutu a zaune, sai an zo kiran suna za a gane."

Na saya mata silifas a bakin titi.

Makarantar sun ce in an kai ta da takardar ban haƙuri za su sake karɓa. Ban kai ta ba, ba kuma zan kai ta ba. Ba faɗa nake da kai ba. In kana so a mayar da ita, ka zo ka kama hannunta da kanka.

Yayarka.

* * *

Dogo,

Gaisuwa. Muna lafiya. Motarku ta zo ta koma, ta sake zuwa ta koma, babu komai daga gare ka. Direba ya ce kana nan, yana ganinka a bakin injin. In fushi ne ka rubuto fushin. Kyanwa ta tambaya ko ka ce wani abu, na ce ba ka ce ba. Ta ce to.

Yayarka.

* * *

Yaya,

Ina lafiya, ki yafe mini shirun. Ba fushi ba ne. Na fara wasiƙa ban san iyaka ba, in na yi layi kaɗan sai in ga ban san a kan wa nake magana ba. Yarinyar da na sani ita ce mai hawa kan kabad ta ɓoye mini hula, shi ya sa na sa mata Kyanwa. Wadda kike ba ni labari ban san ta ba.

Ina tashi, ina zuba mai, ina duba ruwa, ina kwanciya. Abokan aiki suna cewa duk sansanin nan babu mai haƙurina, ba a taɓa jin kaina da kowa ba. Da na karanta abin da ta ce miki a hanya, su na tuna.

Ki bar ta inda take. Ki gode wa Anti. Na ba mai ma'ajiya haƙuri.

Ƙanenki.

* * *

Dogo,

Ina gaishe ka, da fatan ƙirji lafiya. An sayar da kantin, sabon mai shi ya bar ni, har ya kawo kujera mai tsawo, don haka ƙafafuna sun samu sa'ida.

Sakamako ya fito. Darussa biyu kawai Anti ta bari ta zana a wannan karo, sauran sai baɗi. Ta ci lissafi, ta faɗi kimiyya. Ƴan ajinsu na da suna maganar jami'a, ita da saura. Kar ka ɗauka ta zama wata daban. Akwai ranakun da take komawa matakala. Kwanan baya an dakatar da ita yini guda don ta jefi Lauya da takalmi, shi da kansa ya ce ya cancanta.

Ga abin da ya sa na rubuto. Mai gidan da kuke haya ya zo. Ya ce ya yi kawaici, amma ɗakin nan a kulle yake tun rasuwa, yana bukatar wurinsa. Na yi niyyar in ɗauki mai faci mu kwashe kayan ba da saninta ba. Ashe ta ji. Ta ce ita za ta yi.

Muka je ranar Asabar da safe. Kwaɗon ya ƙi, sai da muka ɗiga masa mai. Ɗakin yana nan yadda aka bar shi, har kofi a kan taga da cokali a ciki. Na tsaya a ƙofa, na kasa shiga, ni da nake ganin na fi ta ƙarfi. Ita ta shiga ta buɗe taga, ta yaye zanin gado ta naɗe. Ta tattara ragowar magunguna a leda ta miƙo mini, ta ce ni na san yadda ake zubar da su. Kayan sawar uwarta ta kasa uku: na bayarwa, na dangin uwarta, da wani ɗan ƙulli da ban tambaya ba. Tana yi tana ba ni labarin kowace riga, wadda aka ɗinka don bikin maƙwabta, wadda ta ƙone wurin guga aka ce ni na ƙona. A wani wuri ta yi dariya. A wani wuri ta zauna a ƙasa ta daɗe, na ƙyale ta. Takalman gida na uwarta ta zura, sun yi mata yawa, da su ta dawo tana ja a titi.

Gefenka na kabad ba ta taɓa ba. Rigunanka, akwatin kayan aikinka, hoton aurenku da ke kife a sama. Na ce mu haɗa su a buhu in ajiye maka. Ta tsaya a gaban kabad ɗin ta ce:

"A'a, Gwaggo. Ni na yi nawa. Wannan nasa ne, ya zo ya yi."

Mai gida ya ba mu zuwa ƙarshen wata mai zuwa. Ban yi masa alkawarin komai ba.

Yayarka.

* * *

Yaya,

Na gaishe ki, ina lafiya.

Na je ofis na nemi hutu. Suka ce babu wanda zai riƙe injin, na ce to su nemo, na fito. Da yamma suka aiko an ba ni. Zan biyo motar kaya in ta juyo.

Kar ki zo tasha, ki ji da ƙafarki. Kar kuma ki ce mata ta zo tarye ni. Ki ce mata kawai ta riƙe makullin ɗakin a wurinta. In na iso zan je cibiya in zauna in jira a tashi, in karɓa a hannunta.

Ƙanenki.